Hukumomin Da Ba Sa Aiki: Sanarwa Ba Ta Rushe Su, Sai Doka

  

Maganar da na zo da ita yau ba mai daɗin ji ba ce a wurin ɗan siyasa. Na san a zauren nan akwai waɗanda takardunsu ke kan teburin manya, suna jiran a ce an ba su mamban bod ko ciyaman na wata hukuma. Ina roƙon a yi haƙuri a saurare ni har ƙarshe, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne wannan: a jiharmu akwai hukumomi da kwamitocin ba da shawara da suka daina aiki, ko suke maimaita aikin da wata ma'aikata ke yi, amma har gobe suna cikin kasafin kuɗi. Ya kamata a rushe su. Hanyar rushe su kuma ɗaya ce, wato majalisar dokokin jiha ta soke dokokin da suka kafa su.

Bari mu fara da kalmar "rushewa" ɗin kanta, don an daɗe ana ruɗa mu da ita. Duk lokacin da sabuwar gwamnati ta hau, a makonnin farko za ku ji sanarwa a rediyo daga ofishin sakataren gwamnati: mai girma gwamna ya rushe dukkan bod-bod na hukumomin gwamnati nan take, shugabanni su miƙa ragama ga babban jami'in da ke wurin. Sai a yi ta tafi, a ce an zo da gyara. To jama'a, me aka rushe? Mutanen da ke kan kujeru aka sallama. Kujerun suna nan, dokar da ta kafa hukumar tana nan, layinta a kasafin kuɗi yana nan. Bayan 'yan watanni sai a fito da sababbin sunaye. An canza wa tuwo suna ke nan.

Haka ake yi a tarayya ma. Shugaba Buhari ya rushe bod-bod na hukumomin tarayya a watan Yulin 2015. Shugaba Tinubu ya yi irin haka a watan Yunin 2023. Kuma kuna tune da abin da ya faru a ƙarshen Disambar 2017, lokacin da aka fitar da sunayen ciyamomi 209 da mambobi 1,258 na hukumomin tarayya, sai aka tarar a cikinsu akwai mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Fadar shugaban ƙasa ta yi bayani cewa tun da daɗewa aka haɗa sunayen. Mutane sun yi ta dariya a Facebook. Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Hukumomi da yawa sun yi sama da shekara biyu babu bod, kuma talaka bai ji a jikinsa ba. Idan kujera za ta zauna wayam shekara biyu ba wanda ya lura sai mai neman ta, ai ya kamata a tambayi amfaninta.

Dalilin da ya sa sanarwa ba ta isa ba a bayyane yake. Ma'aikatun gwamnati, gwamna yana iya haɗe su ko rage su da umarninsa, kamar yadda aka yi a Kaduna a 2015, aka rage su daga 19 zuwa 13. Hukumar da doka ta kafa kuwa, doka ce kaɗai ke iya kashe ta. Wasu daga cikin waɗannan dokoki ma tun zamanin soja aka yi su, gwamnan soja ya zauna ya sa hannu, sannan sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a ci gaba da ɗaukar su a matsayin dokokin jiha. Muddin majalisa ba ta soke su ba, suna da rai. Ko gwamnan yau ya ƙi naɗa kowa, wanda zai gaje shi zai buɗe littafi ya ga kujeru goma sha a ajiye, ya cika su a rana ɗaya.

Wanda yake son ya ga yadda gyara ke mutuwa idan ba a kai shi majalisa ba, ya dubi rahoton Oronsaye. A 2011 Shugaba Jonathan ya kafa kwamiti ƙarƙashin Stephen Oronsaye, tsohon shugaban ma'aikatan tarayya, ya duba hukumomin gwamnati. A watan Afrilun 2012 kwamitin ya miƙa rahoto mai shafi kusan 800. Ya ƙirga hukumomi 541. Daga cikin 263 da doka ta kafa, ya ba da shawarar a mayar da su 161: a rushe 38, a haɗe 52, a mayar da 14 su zama sassa a cikin ma'aikatu. Gwamnati ta fitar da matsayarta a kan rahoton a 2014. Jonathan ya tafi, Buhari ya yi shekara takwas ya tafi. Sai ranar 26 ga Fabrairun 2024 majalisar zartarwa ta Tinubu ta ce ta amince a aiwatar da shi. Shekara goma sha biyu ke nan tsakani, kuma a cikin waɗannan shekaru hukumomi ƙaruwa suka yi ta yi. Shugabanni uku, jam'iyyu biyu, saboda haka kada wani ya ce ciwon jam'iyya ɗaya ne. Rahoto ba doka ba ne. Kowace hukuma da aka ce a rushe tana da dokarta, tana da masu cin abinci a cikinta, tana da kwamitin majalisa da ke kula da ita wanda ba ya son ya rasa ta. In ba a ɗauki ƙudiri an shiga da shi zauren majalisa ba, rahoto zai tsufa a kan kanta.

A jiha aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Majalisa ɗaya ce, babu dattawa da wakilai. Kundin tsarin mulki ya ce mambobinta kada su gaza 24 kada su wuce 40. Ƙudiri zai yi karatu na ɗaya, na biyu, ya je kwamiti, ya dawo karatu na uku, a kai wa gwamna. Sashe na 100 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa za su iya mayar da ƙudirin doka ba tare da shi ba. Kuma mun ga majalisun jihohi suna soke doka idan sun ga dama. A Nuwambar 2019 majalisar Zamfara ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni cikin 'yan kwanaki, bayan da wasiƙar neman alawus na naira miliyan 10 a wata ta fito fili. A Kano, ranar 23 ga Mayun 2024, majalisa ta soke dokar masarautu, gwamna ya sa hannu a ranar, kamar yadda dokar da ta kafa masarautun a 2019 ita ma ba ta daɗe a zauren ba. Ban kawo wannan don in ce wane ya yi daidai wane ya yi kuskure ba. Na kawo shi ne don ya nuna abu biyu: majalisa tana da ƙarfin soke doka, kuma dokar da aka yi cikin gaggawa kotu take ƙarewa. Mu muna son ƙarfin, ba ma son gaggawar.

Saboda haka kafin a ɗauki gatari, sai a san itacen da za a sara. Ni na kasa hukumomin jiha kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda majalisar jiha ba ta da ikon taɓawa. Sashe na 197 na kundin tsarin mulki ya kafa hukumomi uku a kowace jiha: hukumar kula da ma'aikata, hukumar zaɓe ta jiha, da hukumar kula da harkokin shari'a. Ko cire shugabanninsu gwamna ba ya iya yi shi kaɗai, sashe na 201 ya ce sai da goyon bayan kashi biyu bisa uku na majalisa. Na san da yawa daga cikinmu suna da ƙorafi a kan hukumomin zaɓe na jihohi, inda jam'iyya mai mulki kan lashe komai. Amma rushe su sai an gyara kundin tsarin mulki, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Wannan yaƙi ne na daban. Haka kwamitin da ke ba gwamna shawara kan rabon filaye, dokar filaye ta 1978 ce ta kafa shi, dokar kuma tana da kariya a cikin kundin.  Duk wanda ya zo muku da ƙudirin da ya haɗa da waɗannan, ku sani ko dai bai karanta ba, ko kuma so yake kotu ta yi watsi da aikin gaba ɗaya.

Kashi na biyu su ne waɗanda majalisa za ta iya rushewa amma rushe su asara ce. Hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wadda muke kira SUBEB, ta nan ne kuɗin tarayya na gina azuzuwa ke shigowa, bisa dokar 2004, idan jiha ta ajiye nata kason. Hukumar lafiya matakin farko, ta hannunta ake isar da kuɗin asusun lafiya da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada zuwa ƙananan asibitoci. Hukumar alhazai ita ke hulɗa da hukumar aikin hajji ta ƙasa a madadin maniyyatanmu. Waɗannan in suna da matsala gyara suke buƙata. A cikin wannan kashi kuma nake sanya duk hukumar da aikinta shi ne sa ido a kan gwamnati: mai karɓar ƙorafin jama'a, mai yaƙi da cin hanci, mai tantance kwangila. A nan nake so mu buɗe ido sosai. Gwamna na iya fakewa da rage kashe kuɗi ya kawar da masu duba shi. Ko namu ne yake mulki kada mu yarda, domin ƙofar da muka buɗe wa namu yau, ta nan na wasu zai shiga gobe.

Kashi na uku su ne abin da ya tara mu. Kwamitin ba da shawara da aka kafa don wata matsala da ta wuce shekara ashirin da suka shige. Hukumar da aka ƙirƙira don a sama wa wani babba wurin zama bayan ya faɗi zaɓen fitar da gwani. Hukumomi biyu ko uku da ke kan aiki ɗaya, ga kuma sashe a ma'aikata yana yin wannan aikin, ga mai ba gwamna shawara na musamman a kan dai wannan aikin. Kowa a cikinmu ya san irinsu. Ka je ofis ka tarar da allo a ƙofa, maigadi a kan benci, ciki kuwa ƙura.

Wani zai ce, to nawa ne ma ake kashewa a kansu? Ku ɗauki biro ku lissafa da kanku. Akwai alawus na wata ko na zama ga ciyaman da mambobi. Akwai motar ciyaman da direba da mai. Akwai hayar ofis ko gyaransa, da janareta, da sakatare, da kuɗin gudanarwa na wata-wata, da tafiye-tafiyen ƙaro ilimi. Idan wa'adi ya ƙare akwai kuɗin sallama. Na hukuma ɗaya ba zai ba ka tsoro ba. Ka ninka shi da yawan hukumomin, ka sake ninkawa da shekara huɗu. Sannan ka tuna mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, ka ga malaman firamare nawa ko ungozoma nawa kuɗin zai riƙe. Bayan kuɗi akwai wata asarar. Idan aiki ɗaya yana hannun ofisoshi uku, babu wanda za ka kama. Ka je ma'aikata a ce maka hukuma ce, ka je hukuma a ce suna jiran kwamiti, ka nemi kwamiti a ce bai zauna ba. Talaka ya ƙare kuɗin motarsa a tsakani.

Yaya za a rarrabe mai rai da matacciya ba tare da son zuciya ba? Da tambayoyi biyar, kuma a yi su a fili. Yaushe bod ɗin ya yi zamansa na ƙarshe, ina takardar bayanin zaman? Wace shawara ya ba gwamnati a rubuce cikin shekara uku da suka wuce, wacce aka yi aiki da ita? Akwai wani ofis da ke yin wannan aiki? Yaushe babban mai binciken kuɗi na jiha ya duba littattafansa? In aka rufe shi gobe, wane ɗan jiha ne zai rasa wani abu, ban da masu karɓar alawus? Sashe na 128 ya ba majalisa ikon bincike a kan duk hukumar da ke aiwatar da dokokinta ko take kashe kuɗin da ta ware. Ba sai ta nemi izinin kowa ba.

Ina kuma so in yi adalci ga masu cewa kwamitin ba da shawara shi ne wurin da malami, manomi, ɗan kasuwa da likita ke samun bakin magana a gwamnati. Gaskiya ne, akwai irin waɗannan, kuma tambayoyin nan biyar za su tsirar da su, domin mai aiki yana da takardar nunawa. Inda ake buƙatar shawara ta ɗan lokaci kuwa, kwamishina na iya kiran masana su zauna wata uku su miƙa rahoto su koma harkokinsu. Ba sai an yi musu doka da mota da ofis na har abada ba.

Dokar rushewar ita kanta dole ta ƙunshi abubuwa huɗu, in ba haka ba za a gudu daga gara a faɗa gidan zago. Na ɗaya, ta ambaci kowace hukuma da sunanta da dokar da ake sokewa, kada a ba gwamna takarda wayam ya cike da kansa. Na biyu, ta faɗi inda aikin zai koma, wace ma'aikata, wane sashe. Na uku, ta kare ma'aikata na dindindin. Masinja da akawu da direba ba su suka kafa hukumar ba. A mayar da su wasu ma'aikatu da matakin albashinsu, shekarun aikinsu da haƙƙinsu na fansho da garatuti. Masu muƙamin siyasa ne za su tafi. Na huɗu, ta yi bayanin kadarori da basussuka: motoci, filaye, gine-gine, asusun banki, kuɗin 'yan kwangila, da fayil-fayil. Kowa ya san lokacin rufe ofis ne motocin gwamnati ke yin ƙafa. A ƙirga komai kafin ranar rufewa, a buga a jarida.

Sai abu na ƙarshe, wanda zai hana mu dawowa wannan zaure bayan shekara goma da magana iri ɗaya. A Amurka, jihar Kolorado ta fara wata dabara a 1976, jihar Tekzas ta bi a 1977. Ana sa wa hukuma ranar mutuwa a cikin doka. A Tekzas yawanci shekara 12 ne. Kafin ranar ta zo ana binciken hukumar, kuma in majalisa ba ta yi sabuwar doka ta tsawaita ranta ba, ta rushe da kanta. Ni zan kira wannan dokar wa'adi. Hikimarta ita ce ta juya nauyin hujja. A wurinmu mai son a rufe hukuma shi ke shan wahalar kawo dalili. A can hukumar ce za ta zo ta nuna abin da ta yi. Babu abin da ya hana majalisarmu ta ce daga yau duk sabuwar hukuma ko kwamitin ba da shawara sai da wa'adi a cikin dokarsa.

Yanzu bari in dawo kan abin da ke ran mutane, don na ga wasu sun yi shiru. Ana cewa: mun sha rana, mun manna fosta, mun tsare akwati har asuba, an zage mu saboda tafiyar nan. Yanzu da lokacin rabo ya zo sai ku ce a rage kujeru? 'Yan uwa, wahalar da kuka yi gaskiya ce, babu mai musun ta. Amma mu yi lissafi. Mu nawa ne a mazaɓu? Kujerun bod nawa ne? Ko an bar su duka, mutum nawa za su samu a ƙaramar hukuma ɗaya? Kuma ku faɗa min tsakani da Allah, wa ake ba wa? Wanda ya kwana a rumfar zaɓe, ko wanda yake da mai kai sunansa? Mafi yawanmu ba za mu taɓa zama a kan waɗannan kujeru ba. Rabonmu a gwamnati shi ne makarantar da 'ya'yanmu ke zuwa, asibitin da matanmu ke haihuwa, da hanyar da muke kai amfanin gona kasuwa. Kare kujerar da ba ta aiki kare rabon mutum ɗaya ne da kuɗin mutum dubu. Wanda ya cancanta kuma, akwai hukumomi masu rai da ke buƙatar mutanen kirki, a kai shi can ya yi aikin da zai yi alfahari da shi.

Akwai ribar siyasa ma a ciki. Ranar da za mu koma neman ƙuri'a, za a tambaye mu me muka yi daban. In muka ce mun naɗa mutum ɗari kaza a bod, wanda ba a naɗa ba haushi zai ji. In muka ce mun rufe ofisoshi kaza da ba sa aiki, ga kuɗin da aka samu, ga azuzuwan da aka gina da su a garinku, wannan magana ce da za a iya faɗa a kowace kasuwa. Shi ya sa nake cewa dole a nuna inda kuɗin ya tafi. In aka rufe hukuma goma sannan aka naɗa sababbin mataimaka na musamman ɗari, ba a yi komai ba, kuma mu ne za mu fara faɗa.

Abin da nake roƙo a wurinku kaɗan ne. Kowa a nan yana da ɗan majalisar jiha, kuma yawancinku kuna da lambarsa. Ku same shi cikin ladabi, ku nemi abu uku. Ya gabatar da buƙata a zauren majalisa cewa ofishin sakataren gwamnati ya kawo cikakken jerin hukumomi da kwamitocin jiha, da dokar da ta kafa kowanne, da abin da aka ware masa a kasafin bana. Ya nemi a yi zaman jin ra'ayin jama'a a buɗe, inda kowace hukuma za ta amsa tambayoyin nan biyar, ƙungiyar ƙwadago tana zaune, 'yan jarida suna zaune. Sannan ya goyi bayan sanya wa'adi a duk sabuwar dokar kafa hukuma. Masu rubutu a shafukanmu kuma, ku ɗauko kasafin kuɗin jiha ku karanta, ku fito da sunayen hukumomin ɗaya bayan ɗaya, ku tambayi jama'a wa ya taɓa ganin aikinsu. A yi shi babu zagi, babu cin mutuncin kowa, domin tsari muke son a gyara.

Iyayenmu dattawa, ku ake ji a sama. In lokacin kai sunaye ya zo, muna roƙon ku tambaya tukuna ko kujerar tana da aiki.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya ba mu haƙurin karɓar gaskiya ko da ta taɓa aljihunmu, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.